Gyaran Kayan Haƙar Ma'adinai a Elite Dangerous

Elite Dangerous wasan bidiyo ne na tuƙa jirgin sararin samaniya. Fara da na'urar sarrafa limfet mai gwada dutse; limfet ɗan ƙaramin jirgi ne marar matuƙi da kake saki daga jirginka. Ka sa mai daraja A ko da ƙarama ce, domin dutsen da ta gwada yana ba da gutsattsari ninki 3.5 na wanda ba a gwada ba. Masu tsimin kuɗi a nan su ke wuni suna harba leza a banza.

Kowane limfet yana cin tan 1 a rumbun jirgi. Cika kamar kashi biyu cikin uku; suna ƙarewa, wuri na samuwa.

Da na'urar binciken sama za ka harbi zoben duwatsun da ya kewaye wata duniya, wuraren da filatinom ya taru su bayyana. Nemi zoben ƙarfe.

Kuskuren da ya fi yawa: sakin limfet mai tsintar gutsattsari alhali ka saita gutsure guda. Shi kaɗai zai ɗauko ya mutu. Cire saitin tukuna, ka buɗe bakin rumbu.

Wasan ba ya tafiya sai da intanet, ko kai kaɗai kake. A ƙauyukan Ringim ko Bichi, duba sabis da cajin batirin sola kafin ka dasa nakiya a dutse mai ƙwaya, wato mai ma'adini a tsakiyarsa, don sakan 120 kawai gare ka kafin ta fashe.