Yadda za ka zaɓi inda za ka karanta ilimin tattalin arziki ba tare da ka bar Jihar Filato ba

Ɗan yayata ya zo mini wata ranar Asabar a Unguwar Rogo da takardar sakamakon WAEC a naɗe cikin aljihu, ya ce: "Kawu, Ekonomiks (ilimin tattalin arziki) nake so, amma Baba ya ce ba zan bar Filato ba." Abin da na gaya masa shi zan maimaita a nan, don na san akwai irinsa da yawa a Jos.

Kafin ka ambaci sunan wata makaranta, buɗe sakamakonka ka duba lissafi. Ana neman kiredit biyar, cikinsu dole a sami Turanci da Lissafi da Ekonomiks. A jarrabawar JAMB ma waɗannan ukun za ka rubuta, sai na huɗu kamar Gwamnati ko Tarihi ko Jogirafi. Yara da yawa suna ɗauka karatun hira ce kan tsadar shinkafa da faɗuwar naira. Tun daga aji ɗaya za ka haɗu da lissafi da ƙididdiga, a gaba kuma ga Ekonometiriks, wato auna tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga, yana jira. In lissafi na sa ka ciwon kai, ka nemi mai koya maka tun yanzu, ko ka sake tunani.

Daga nan sai ka san abin da ke cikin jihar. Jami'ar Jos ta tarayya ce. Ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Akwai Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, wadda aka kafa a 2005. Wanda ke sha'awar koyarwa yana iya duba Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Pankshin, ko ya je Kwalejin Ilimi ta Gindiri ya yi NCE, wato takardar shaidar malanta, daga baya ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Mai aiki ko mai shago kuma, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiya a Jos. Kowacce ka hango, shiga kundin kwasa-kwasan JAMB a intanet ka tabbatar tana bayar da kwas ɗin, sannan ka bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da shi a wannan jami'ar. Kada ka dogara da "an ce".

Yanzu ga inda ake yawan tuntuɓe. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari don cancanta, kashi 35 don 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimi. Zama a Jos kaɗai ba ya sa ka cikin kason yanki. Abin da ake dubawa jihar da ka rubuta a fom da takardar shaidar asalinka. Duk wanda ya girma a Jos ta Arewa ya san maganar wannan takarda ba ƙarama ba ce. Don haka ku zauna da mahaifinka tun kafin rajista, ku tsayar da jihar da ƙaramar hukumar da za ka iya kawo wa shaida, kuma su yi daidai da abin da ke kan lambarka ta NIN. Na san yarinyar da ta sami gurbi, aka zo tantancewa sai aka ga sunanta a WAEC daban, a JAMB daban, harafi biyu kacal. Ta yi watanni tana zirga-zirga kafin a gyara.

Sai lissafin aljihu, kuma na shekara huɗu za ka yi, ba na zangon farko ba. Ɗan Unguwar Rogo ko Unguwar Rimi da ya sami Jami'ar Jos yana iya kwana a gida, ya ci tuwon Inna, kuɗin keke kawai zai nema zuwa harabar jami'ar da ke Naraguta ko ta Titin Bauchi. Wanda ya tafi Bokkos kuwa sai ɗaki da risho da bargo mai kauri, ga kuɗin mota duk hutu. Ka tambayi halin tsaron hanya da na garin a lokacin da za ka tafi, daga bakin waɗanda ke zaune can. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati, amma bashi ne, za a biya.

Mataki na gaba ƙafa ce. Ka je sashen Ekonomiks ɗin da kanka ranar aiki, ka tsaya gaban allon sanarwa. Sakamakon wane zango aka liƙa? In na bara ne har yanzu ake jira, ka fahimci wani abu. Ka tari ɗan aji uku a wajen mai shayi ka tambaye shi: mutum nawa ne a ajinku, malamai suna shiga, akwai kwamfutocin da kuke koyon sarrafa alƙaluma? Zai gaya maka abin da babu a takardar talla.

In ka gama wannan, sai cike fom. Makarantar da kake so da gaske ita za ka sa zaɓi na farko, don jami'o'in gwamnati ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su na biyu ba. Makin JAMB 400 ne gaba ɗaya, kuma mafi ƙarancin makin da jami'a ta sanar ba shi ne na sashen ba. Ekonomiks na da masu nema, nasa yakan ɗara. In makinka ya gaza, akwai damar sauya makaranta ko kwas a cibiyar da JAMB ta amince da ita. Gurbi kuma sai wanda ya fito a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurabe, ka karɓa da hannunka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ka riƙe kuɗinka.

Ɗan yayata dai ya sa Jos farko, Bokkos na biyu, kuma kullum bayan Magariba yana wajen wani malamin lissafi a layinmu.