Yadda ake warware matsalar aljabara bisa hanyar Al-Khawarizmi

Wajen shekarar 820 Miladiyya, a zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad ɗan Musa Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza littafinsa mai suna Al-Kitab al-Mukhtasar fi Hisab al-Jabr wal-Muqabala, kuma ya bayyana a gabatarwarsa cewa ya yi shi ne domin buƙatun mutane na rabon gado da wasiyya da ciniki da awon filaye da haƙa magudanan ruwa. Babu haruffa irin su x a littafin, domin da jimlolin Larabci zalla ya yi bayanin komai. Wanda yake son koyon hanyarsa sai ya tanadi alƙalami da littafin lissafi mai gida-gida, ya kuma ajiye alamomin zamani gefe guda na ɗan lokaci.

Da farko a san abubuwa uku da ake aiki da su. Akwai tushe, wato adadin da ba a sani ba wanda ake nema. Akwai mal, wato abin da ake samu idan aka ninka tushe da kansa. Akwai kuma adadi sananne, wanda malamin yakan ƙirga da dirhami. Kafin a fara warwarewa dole ne a gyara matsalar, wadda ke da ɓangarori biyu da suka yi daidai da juna, da ayyuka biyu: jabaru, wato idan akwai abin da aka ɗebe a ɓangare ɗaya sai a ƙara shi a ɓangarorin biyu har giɓin ya cike, da muƙabala, wato a soke abin da ya yi daidai a ɓangarorin biyu. Sannan a mayar da mal ya zama guda ɗaya tak. Idan aka ce mal 2 da tushe 10 sun yi daidai da dirhami 48, sai a raba komai biyu, a sami mal ɗaya da tushe 5 daidai da 24.

Misalin da ya fi shahara a littafin shi ne mal ɗaya da tushe 10 sun yi daidai da dirhami 39. A ɗauki rabin adadin tushen, wato 5. A ninka 5 da kansa, a sami 25. A tara 25 da 39, ya zama 64. A nemi adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da 64, wato 8. A ƙarshe a ɗebe rabin nan, wato 5, daga 8, saura 3. Tushen da ake nema shi ne 3, mal kuwa 9 ne, kuma idan aka tara 9 da 30 za a ga 39 ya fito cif.

Haddace matakan nan ba wuya, amma a ganina wanda ya tsaya a hadda bai san dalilin raba tushe biyu ba, kuma zane ne yake bayyana dalilin. A zana murabba'i a tsakiyar takarda, a ɗauka cewa kowane gefensa shi ne tushen da ba a sani ba, saboda haka filinsa shi ne mal. Tushe 10 ɗin nan a kasa su gida biyu, a manna wani fili mai faɗin 5 a gefen dama na murabba'in, a manna wani irinsa a gefen ƙasa. Duk abin da aka zana zuwa yanzu girmansa 39 ne, sai dai idan aka duba kusurwar da ke tsakanin filayen biyu da aka manna, za a ga wani gurbi a buɗe mai tsawon 5 da faɗin 5. Gurbin nan shi ne 25. Da zarar an cike shi, zanen ya koma babban murabba'i mai girman 64, gefensa 8, kuma tun da gefen ya ƙunshi tushe da 5, tushen 3 ne. Al-Khawarizmi ya kawo wani zanen kuma, inda ake manna filaye huɗu masu faɗin biyu da rabi a gefuna huɗu, sai gurabe huɗu su rage a kusurwoyi, kowanne shida da kwata, jimlarsu 25. Zanen farko ya fi sauƙi ga mai koyo.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne idan tushe ya koma ɓangare guda shi kaɗai, kamar mal ɗaya da dirhami 21 sun yi daidai da tushe 10. A nan ma rabi 5 ne, ninkinsa da kansa 25, amma ɗebewa ake yi maimakon tarawa: a cire 21 daga 25, saura 4, tushensa 2, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da 4. Idan aka ɗebe 2 daga 5 a sami 3, idan aka ƙara a sami 7, kuma dukkansu amsa ne. Idan dirhamin ya haura 25, malamin ya ce matsalar ba ta yiwuwa, idan kuwa ya yi daidai da 25, amsar ita ce rabin nan, wato 5.

Kada mai karatu ya yi mamakin rabuwar waɗannan matsaloli gida daban-daban, alhali ɗalibin sakandare na yau da ƙa'ida ɗaya yake warware su. Al-Khawarizmi bai yi aiki da adadin da ya gaza sifiri ba, shi ya sa aka kasa matsalolin nau'i shida, uku masu sauƙi, uku masu haɗa mal da tushe da adadi. Saboda haka ne ma ba a ambaci amsa ta biyu a misalin 39 ba, wadda a lissafin yau take 13 a ƙasa da sifiri.

Nau'in da ya rage cikin ukun nan shi ne tushe 3 da dirhami 4 sun yi daidai da mal ɗaya. Rabin tushen ɗaya da rabi ne, ninkinsa da kansa biyu da kwata, a tara da 4 ya zama shida da kwata, tushensa biyu da rabi. Wannan karon ƙara rabin ake yi, sai a sami 4, mal kuma 16.