Yadda matashi zai koyi filamenko har ya ci abinci da shi

Filamenko yana zaune ne a kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu, wato waƙa da rawa da kiɗan jita, kuma gidansa shi ne Andalus a kudancin Sifen, musamman biranen Sevilla da Jerez da Cádiz da Granada, inda iyalan al'ummar Hitano, waɗanda ake kira Gypsy da Turanci, suka taka rawa mafi girma wajen raino da adana shi. Tun da hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2010, makarantu da masu sha'awar koyo sun ƙaru a ciki da wajen Sifen, sai dai yawan makarantu bai rage tsawon hanyar ba ko da taki ɗaya. Matashin da yake so ya zama mawaƙi ko ɗan rawa na sana'a ya kamata ya san da me ake farawa, da abin da ake jinkirtawa, da kuma ƙofofin da ake bi kafin a kai ga babban dandali.

Abu na farko shi ne kunne, kuma ina ganin duk malamin da ya fara koya wa yaro salon juyi ko karin murya kafin ya zaunar masa da awon kiɗa a jiki ya cuce shi. Wannan awo shi ake kira kompas. Manyan nau'o'in filamenko irin su soleya da alegiriyas da buleriyas suna tafiya ne a kan zagaye mai ƙirga 12, kuma a yadda aka fi koyarwa ana nauyaya bugu na 3 da na 6 da na 8 da na 10 da na 12. Mai koyo ya zauna kullum ya saurari faifai yana tafi yana ƙirgawa da baki, har ranar da zai daina ƙirgawa amma hannunsa bai ɓata ba. Tafin kansa iri biyu ne: akwai na tafukan da aka lanƙwasa, mai kauri da taushi, wanda ake yi lokacin da mawaƙi yake waƙa don kada a danne masa murya, akwai kuma na yatsu a kan tafin hannu, mai kaifi, wanda ake yi idan ƙafar ɗan rawa ta yi zafi. Wanda ya iya waɗannan biyun, ya kuma iya saka tafinsa a tsakanin bugun abokinsa ba tare da sun yi karo ba, ya riga ya sami abin da zai sa a yarda ya zauna cikin masu sana'a tun kafin ya buɗe baki ko ya ɗaga ƙafa.

Daga nan sai a shiga nau'o'in ɗaya bayan ɗaya. Ya fi sauƙi a fara da tangos, domin ƙirgansa 4 ne kuma jiki yana kama shi da wuri, sannan a koma alegiriyas na Cádiz mai haske da walwala, sannan soleya mai nauyi. A bar sigiriya, wadda take ɗauke da baƙin ciki mafi zurfi kuma bugunta biyar ba su yi daidai da juna a tsawo ba, sai ƙafa ta kafu. Buleriyas kuwa ana jin ta tun ranar farko amma ana daɗewa ba a mallake ta ba, saboda saurinta da kuma yadda ake ƙirƙira a cikinta nan take.

Ɗan rawa yana buƙatar takalmin sana'a na fata mai ƙananan ƙusoshi a goshi da dunduniya, da daɓen katako mai ɗan sassauci. Kada a kuskura a yi atisaye a kan siminti ko tayil, domin gwiwa da ƙugu da ƙashin baya su ne suke biyan bashin bayan wasu shekaru, kuma rawar da ake fatan yi har tsufa ba ta jure irin wannan ganganci. Aikin ƙafa ana gina shi ne daga bugu kaɗan: da tafin ƙafa gaba ɗaya, da gaban ƙafa, da dunduniya, da kan yatsu. A yi su a hankali, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ana sauraren ko kowane bugu ya fito da sautinsa tsaf, domin saurin da aka gina a kan bugu mai dagulewa kunnen jahili ne kawai yake jin daɗinsa. Tare da haka ake horar da hannuwa da yatsu da tsayuwar ƙirji da juyi, kuma mata da yawa suna ƙarawa da koyon sarrafa doguwar riga mai jela da babban gyale mai geza da mafici, waɗanda kowannensu darasi ne mai zaman kansa.

Abin da ya fi raba ɗalibi da gwani shi ne sanin ginin rawar, kuma a nan ya kamata a daɗe. Rawa irin ta alegiriyas tana da tsari da kowa a dandali ya sani ba tare da an yi shawara ba: ɗan rawa ya shigo, ya yi kira da ƙafa don ya gaya wa mawaƙi cewa fili nasa ne, ya yi takun rakiya mai sauƙi yayin da ake rera baiti, ya rufe baitin, mai jita ya shiga wani sashe mai sanyi da ake kira shiru, sannan dogon sashen ƙafa ya biyo baya, a ƙara sauri, a ƙare da buleriyas. Ɗalibin da ya haddace rawar malaminsa daga farko zuwa ƙarshe a kan faifai ɗaya zai rikice ranar da mawaƙi ya ja baiti ya ƙara masa zagaye biyu, ko ya yanke shi da wuri. Saboda haka a nemi ajin da ake kawo mawaƙi da mai jita na gaske, ko da sau ɗaya ne a mako, kuma ɗan rawa ya koyi rera baitocin da yake rawa a kansu ko da muryarsa ba ta da daɗi, don ya san inda suke numfashi. Buga ƙafa da ƙarfi a kan muryar mawaƙi rashin ladabi ne da masu sana'a ba sa mantawa da shi.

Shi kuwa mawaƙi, makarantarsa ta farko ita ce faya-fayan magabata. Ya saurari La Niña de los Peines da Manolo Caracol da Antonio Mairena da Fosforito, ya ɗauki salo ɗaya na soleya ko na sigiriya ya kwaikwaye shi har ya zauna, sannan ya nemi sanin garin da salon ya fito da mutumin da ake jingina shi gare shi, domin a wannan sana'a ana tambayar mawaƙi asalin abin da ya rera kamar yadda ake tambayar ɗalibin ilimi wurin wa ya yi karatu. Baitocin gajeru ne, yawanci layi uku ko huɗu, kuma ana furta su da karin harshen Andalus mai haɗiye ƙarshen kalmomi, don haka wanda ba Sifaniyanci ne harshensa ba dole ya koyi harshen sosai kafin ya sa rai a ɗauke shi da muhimmanci. Yara da yawa suna lalata maƙogwaro wajen ƙoƙarin kwaikwayon dusasshiyar muryar tsofaffi, alhali kowace irin murya tana da gurbinta a filamenko. A koyi numfashi daga ciki wurin malamin murya, a rage waƙa mai ƙarfi lokacin da muryar yaro take karyewa a shekarun balaga, a kuma guje wa taba da hayaƙinta.

Maganar makaranta tana da hanyoyi biyu, kuma an ga manyan gwanaye daga kowacce. A cikin 'yan rawa, Farruquito ya tashi ne a hannun kakansa Farruco, Sara Baras ta fara a makarantar mahaifiyarta, Carmen Amaya kuwa tun tana ƙarama take rawa a mashayun Barcelona mahaifinta yana kaɗa mata jita. A ɗaya ɓangaren, Rocío Molina ta kammala makarantar rawa ta gwamnati a Madrid, kuma ta karɓi lambar yabo ta ƙasa a fannin rawa a 2010 tana da shekara 26. Tsarin gwamnati a Sifen yana karɓar yaro tun yana ɗan shekara 8: matakin farko shekara 4 ne, matakin sana'a shekara 6, inda ake iya zaɓar rawar filamenko a matsayin fanni, sai babban mataki na shekara 4 wanda yake daidai da digiri, kuma ana shiga ne ta jarrabawar gwaji. Mawaƙa suna da babbar makarantar kiɗa ta Rafael Orozco a Córdoba da ESMUC, wato babbar makarantar kiɗa ta Kataloniya da ke Barcelona, inda mawaƙiya Rosalía ta yi karatu. A ɓangaren masu zaman kansu akwai makarantar Amor de Dios a Madrid, wadda take saman kasuwar Antón Martín kuma malamai daban-daban suke koyarwa a ɗakunanta, da Gidauniyar Cristina Heeren a Sevilla, wadda take haɗa masu waƙa da rawa da jita a ƙarƙashin rufi ɗaya. Bikin filamenko na Jerez, wanda aka fara a 1997 kuma ake yi a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, yana da kwasa-kwasan mako guda da ɗalibai daga ƙasashe da yawa suke rububin shiga. Baƙon da zai zauna fiye da kwana 90 ya nemi bizar karatu tun daga gida.

Shawarata ita ce wanda bai tashi a gidan sana'a ba ya riƙe makaranta don takarda da gyaran jiki, amma ya ɗauki dare a matsayin rabin karatunsa. Da dare ne ake zuwa penya, wato ƙungiyar masoya filamenko ta unguwa, irin La Platería ta Granada wadda take nan tun 1949, inda dattawa suke sauraro da kunnen da ba ya yafe kuskure kuma suke ba matasa fili. Daga penya sai tabalawo, gidan da ake wasa kowane dare ga masu cin abinci da 'yan yawon buɗe ido, kamar Corral de la Morería na Madrid da aka buɗe a 1956 ko Los Gallos na Sevilla. Wasu suna raina tabalawo saboda baƙi ne suka fi cika shi, amma babu wurin da yake gasa matashi kamarsa, domin yakan hau dandali sau biyu ko uku a dare tare da mutanen da wataƙila bai taɓa atisaye da su ba. Mawaƙi a nan yana farawa ne da abin da suke kira waƙar baya, wato ya zauna a bayan ɗan rawa ya yi masa hidima da murya, kusan yadda ɗan amshi yake shafe shekaru bayan ubangidansa kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Chano Lobato ya yi shekaru da yawa a wannan kujera kafin a san shi a matsayin mawaƙin gaba, shi ma Camarón de la Isla ya daɗe yana aiki a tabalawon Torres Bermejas na Madrid tun yana matashi. Matashin da yake gaggawar tsallake wannan mataki yana zubar da abin da babu makarantar da za ta mayar masa.

Gasa ita ce ƙofar da take buɗewa da sauri idan an shirya mata. Wadda ta fi suna ita ce ta garin La Unión a yankin Murcia, da aka fara a 1961 kuma ake yi kowane watan Agusta, inda mawaƙa suke neman kyautar Fitilar Mahaƙa, 'yan rawa kuma suke neman kyautar Desplante. Miguel Poveda ya ci fitilar a 1993 yana da shekara 20, Israel Galván ya ci kyautar rawar a 1996, Rocío Márquez kuma ta ɗauki fitilar a 2008. Wanda zai je can dole ya ƙware a waƙoƙin mahaƙa ma'adinai na yankin, waɗanda ba su da ƙayyadadden awo kuma suna neman dogon numfashi da daidaiton sauti. Akwai kuma gasar ƙasa ta Córdoba da ta fara a 1956. Kada a shiga gasa da salon da aka koya jiya, kuma a fara da ƙananan gasannin da penyoyi da ƙananan hukumomi suke shiryawa don a saba da idon alƙalai.

Kuɗin shiga a wannan sana'a daga wurare da yawa yake taruwa, kuma da wuya ɗaya ya wadatar. Kamfanonin gwamnati, wato Ballet Nacional de España da aka kafa a 1978 ƙarƙashin Antonio Gades da kuma Ballet Flamenco de Andalucía, suna ɗaukar 'yan rawa ta gwaji kuma gurabensu kaɗan ne, sannan na farkon yana neman wanda ya iya sauran nau'o'in rawar Sifen bayan filamenko. Yawancin matasa suna haɗa daren tabalawo da koyarwa da rana, da bukukuwan bazara na garuruwan Andalus, da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje, musamman Japan da Amurka da Faransa inda ake biyan kwas da kyau. Annobar korona ta nuna raunin wannan tsari ƙarara lokacin da gidajen tabalawo suka rufe a 2020, har Casa Patas na Madrid ya rufe ƙofarsa, masu sana'a da yawa kuma suka wayi gari ba su da abin dogaro. Don haka matashi ya dage tun aikinsa na farko a rubuta masa yarjejeniya a kuma yi masa rajistar inshorar ma'aikata ko da na kwana ɗaya ne, ya ajiye bidiyo mai tsabta na minti biyar da zai aika wa masu shirya bukukuwa, kuma idan yana da burin nuna aikin kansa a babban bikin Sevilla, wanda ake yi duk bayan shekara biyu tun 1980, ya fara tara mai jita da mawaƙin da za su tsaya tare da shi tun shekaru kafin ya rubuta takardar neman fili.