Yadda ake ƙara ƙarfin siginar ACS712 kafin ta shiga Arduino

Na'urar ACS712 mai amfiya 5 tana auna wutar da ke ratsa waya ta hanyar maganaɗisun da wutar ke haifarwa. Idan babu wuta tana fitar da bolt 2.5, sannan kowace amfiya tana ƙara ko rage milibolt 185. Arduino Uno kuwa, wato ƙaramin allon kwamfuta da zai karanta siginar, yana raba bolt 5 gida 1024, don haka wutar da ba ta kai miliamfiya 26 ba da ƙyar yake ganinta.

Da farko, a samo MCP6002, wato ƙaramar na'ura mai ƙara ƙarfin sigina, domin fitowarsa tana kaiwa kusa da bolt 5, saɓanin takwararta LM358 da ke tsayawa wajen bolt 3.5. A haɗa rezista biyu masu kilo'om 10 a jere tsakanin bolt 5 da ƙasa (wato GND), a kai tsakiyarsu zuwa ƙafar shiga ta MCP6002 mai alamar tarawa, tare da kafasita mai nanofarad 100 zuwa ƙasa.

Daga nan a ɗauko fitowar ACS712 ta rezista mai kilo'om 10 zuwa ƙafar MCP6002 mai alamar ragewa, a sa wata mai kilo'om 100 daga wannan ƙafar zuwa fitowar MCP6002, wadda za ta tafi A0, wato ƙafar Arduino da ke karanta siginar. Wannan yana ninka siginar sau 10, amma a juye: wuta na ƙaruwa, lambar da Arduino ke karantawa na raguwa, kuma iyakar awo ta koma kusan amfiya 1.3.

Hayaniya ma tana ninkuwa, saboda haka ya dace a ƙara girman kafasitar da ke ƙafa ta 6 ta ACS712. A ƙarshe, a karanta lambar da ake samu ba tare da wuta ba, a riƙa cire ta daga kowane awo cikin manhaja.