Kafin ka sa wa ciyawa wuta: duba raɓa, duba iska, duba lokaci

Daga watan Nuwamba har zuwa Afrilu, duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundare a arewacin Kamaru da dare zai hangi wuta ta ja layi a daji, wani wurin har bakin kwalta. Wata ta makiyaya ce masu neman toho, wata ta yara masu farautar gafiya, wata ta mai ɗibar zuma, wata kuma tamu ce manoma. Ni ina noma a gefen Pitowa, kusa da duwatsun Tingelin, kuma abin da nake so ɗan'uwana manomi ya riƙe shi ne: ciyawar da ka ƙona lafiya lau da yamma, ita ce da azahar za ta fi ƙarfin mutanen gari guda.

Masu kashe gobara a Faransa suna da ma'auni na talatin uku: zafi ya haura digiri 30, laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, iska kuma tana gudun sama da kilomita 30 a awa. In ukun nan suka haɗu, ranar haɗari ce. To, mu a Garwa, daga Janairu zuwa Maris, biyun farko kusan kullum suna tare da mu da rana. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, iskar hunturu kuwa daga Sahara take fitowa, ta biyo ta Chadi, babu ɗigon laima a cikinta. Saura iska ta tashi, shi ke nan.

Ba sai kana da na'ura ba. Fita da asuba ka ratsa ciyawa. In ƙafar wandonka ta jiƙe da raɓa, akwai sauran dama. In ka fito a bushe, ka tsinko kyasuwa ka murza a tafin hannu. In ta karye ƙas-ƙas ta zama gari, ajiye ashanarka. Kada raɓar safiya ta ruɗe ka kuma: siririyar ciyawa ba ta riƙe danshi, awa guda na rana ya ishe ta ta koma yadda take jiya. Shi ya sa tsakanin hantsi da la'asar ba lokacin wuta ba ne ko kaɗan. A sannan zafi ya kai maƙura, laima ta yi ƙasa, iska kuma ta fi ƙarfi. Ka jira la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, iska ta kwanta, dare na tafe zai taya ka kashewa.

Iska ce babbar matsala. Tana kwantar da harshen wuta ya lashi ciyawar gaba ya busar da ita kafin ya iso, tana kuma ɗaukar tartsatsi ta jefa can nesa, sai ka ga sabuwar wuta ta tashi a bayanka. Ɗebi ƙura ka saki daga tsayin kafaɗa. In ta zuba kusa da ƙafarka, to. In ta yi gaba, koma gida.

Aikin da ya fi komai amfani shi ne share hanya kewaye da gona, rumbu, tarin harawa da inda aka tara auduga kafin a zo awo. A yi shi da kaka, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa tana da sauran ɗanye. Ga yadda muke yi. A sa fartanya a kankare layi biyu har ƙasa, kowanne faɗin taku biyu, a bar tazara tsakaninsu. Sai a ƙona ciyawar da ke tsakiya da yamma, kaɗan-kaɗan, mutane na tsaye a gefe biyu. Faɗin hanyar duka ya ninka tsayin ciyawar wurin aƙalla sau uku, don haka inda gamba ta fi mutum tsayi, kada ta gaza mita 6. Ɓangaren arewa maso gabas, inda hunturu ke shigowa, ƙara masa faɗi ba tare da ƙyashi ba. Wutar kuma a fara ta daga ɓangaren da iska ta nufa, don ta riƙa tafiya tana fuskantar iskar. Haka take ci a hankali, harshenta gajere.

Kafin ranar, ka sanar da jauro ko lawan, wato mai gari, da maƙwabtan gonarka, har da Fulanin da ke da ruga kusa. In kana iyaka da gandun daji irin na Binuwai, Faro ko Buba Njida, sai ka nemi ma'aikatan gandun daji tukuna. Tanadi ɗanyen reshen dogonyaro, jiƙaƙƙun buhunan algarara, da famfon feshi na goyo da aka wanke aka cika da ruwa. Kada kowa ya zo da rigar leda ko takalmin roba, suna narkewa a jiki.

In wuta ta ƙwace, kada ka tare ta ta gaba. Ku bi ta gefe da baya kuna duka, kuna matse ta. In ta juyo kanka, shiga inda ya riga ya ƙone ko fili mara ciyawa. Kada ka gudu sama kan tudu, domin wuta ta fi sauri a hawa, mu da ke gindin dutse mun san wannan. Yara da tsofaffi a fara kwashe su, dabbobi a kwance su daga turke. In kusa da gari ne, lambar masu kashe gobara a Kamaru 118.

Bayan harshe ya mutu, aiki bai ƙare ba. Kututture da busasshen kashin shanu suna riƙe garwashi har washegari, wani ma ya fi haka. Bi bakin ƙunar da ƙafa, ka tona, ka zuba ƙasa, ka sake dawowa da safe kafin iska ta tashi.

Da bazara kuwa, ni shawarata kada a saki wuta a fili sam. Guguwa kan taso da tsakar rana ba sallama, kuma iskar hadarin farko takan juya daga gabas cikin minti kaɗan. Karan sharar gona, wanda dabbobi ba su ci ba, a bar shi ya rufe ƙasa ko a kai ramin taki. In dole sai an ƙona, a tara ƙananan tsibi a tsakiyar wurin da aka share, a kunna ɗaya bayan ɗaya dab da magariba, kuma kada a bar wurin sai tokar ta huce.