Kurakuran da ɗan kasuwa ke yawan yi a zuwansa Japan na farko

Mutumin Japan ba ya cika gaya wa baƙo cewa ya yi kuskure. Zai yi murmushi ya rusuna, kai kuwa kana ganin komai lafiya. Shi ya sa tun daga gida ake shiri.

Abinci ne ya fi wahalar da Musulmi. Mutum ya ga kwanon taliyar ramen babu nama a kai, sai ya ɗauka ta halatta, alhali a shaguna da yawa da ƙashin alade ake dafa romon, wanda suke kira tonkotsu. Miyar da ake shafa wa gasasshiyar kaza ko kifi ma sau da yawa akwai mirin ko sake a ciki, dukkansu giyar shinkafa ce. Cewa "ba na cin alade" bai isa ba, domin mai shago zai cire yankan naman ya bar maka romon. Ka sa a rubuta maka kati da Japananci: ba alade, ba romonsa, ba kitsensa, ba giya. Ka haddace haruffa biyu, 豚 na alade da 酒 na giya, ka riƙa duba bayan ledar burodi da biskit a ƙananan kantuna irin su 7-Eleven ko Lawson. A Tokiyo, unguwar Shin-Okubo na da shagunan halal, masallacin Tokyo Camii kuma yana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Yoyogi-Uehara. Kada ka kafe tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa. Haka ake ajiye wa mamaci.

Sai kayan lantarki, inda ake asarar kuɗi sosai. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Nijeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Tukunyar dafa shinkafa ko dutsen guga da aka yi don amfani a cikin Japan, in ka saya a Akihabara, unguwar kayan lantarki ta Tokiyo, da an jona shi a Kano zai ƙone. Ka nemi wanda aka yi don ƙasashen waje, ka karanta jikinsa da idonka. Cajar waya da ta kwamfuta galibi 100 zuwa 240 suke ɗauka, bakin soket kawai za ka canza. Rangwamen harajin da ake yi wa baƙi kan sayayya kuma sai da ainihin fasfo, ba a karɓar kwafi.

Ka riƙe tsabar yen, don ƙananan gidajen abinci da yawa ba sa karɓar kati. Na'urar cirar kuɗi ta 7-Eleven da ta gidan waya suna karɓar katin waje. Kuɗin a ɗan faranti ake sakawa gaban mai karɓa. Babu tukuici, in ka bar canji, har bakin titi za a biyo ka da shi.

Wurin taro, ka karɓi katin suna da hannu biyu, ka karanta, ka ajiye shi kan tebur har a tashi. Kada ka yi rubutu a kai ko ka cusa shi aljihun wando. In aka ce maka al'amarin "yana da wuya", yawanci a'a ke nan, kada ka koma otal kana lissafin riba.

Tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku a Tokiyo tana da ƙofofin fita sama da 200, don haka ka tambayi sunan ƙofar da za ka bi, ka isa da minti 10 kafin lokaci. Jiragen ƙasa suna tsayawa wajen tsakar dare, wanda ya rasa na ƙarshe kuwa sai tasi mai tsada.