Kurakuran da ake yi game da bugun EMP

Da an ambaci EMP, wato bugun lantarki da maganaɗisu mai ƙarfi da ke zuwa farat ɗaya ya lalata na'urori, bom ɗin nukiliya ne ke faɗo wa mutane a rai. Ba su yi ƙarya ba: a Yulin 1962 Amurka ta tayar da bom kilomita 400 a saman tekun Pasifik, sai ga fitilun titi kusan 300 sun mutu a Hawai, fiye da kilomita 1,400 daga wurin. Sai dai wannan bugun lantarki da maganaɗisu ya girmi bom nesa ba kusa ba. Kowace walƙiya tana sakin nata.

A nan ne kuskuren da ya fi cin dukiya yake. Za ka ji mutum yana cewa ai tsawar ba a gidansa ta faɗi ba, me ya ƙona masa talabijin? Ba sai ta faɗi a kanka ba. Wayar wuta, wayar eriya da kebul ɗin intanet su ke kwaso bugun daga nesa su shigo da shi har cikin ɗaki. Kashe makunni kuma bai wadatar ba, domin tazarar da ke cikinsa ba ta wuce 'yan milimitoci ba, tartsatsi na iya tsallake ta. A zare filogin gaba ɗaya, a cire eriyar, kuma tun hadari na haɗowa, ba bayan an fara walƙiya ba.

Guguwar rana kuwa, wato burbushi mai ɗauke da lantarki da rana ke fesowa har ya iso duniya, an juya labarinta. Ana tsoron za ta ƙona wayar hannu, alhali dogayen wayoyi irin na wutar lantarki take kamawa. A 1859 wayoyin tangarahu ta sa suka yi ta tartsatsi. A Maris 1989 ta jefa mutum miliyan 6 cikin duhu na kusan awa 9 a Kwibek ta Kanada. Abin da ke cikin haɗari shi ne manyan taransifomomi, don haka shirin da ya dace na doguwar ɗaukewar wuta ne: ruwa, tocila, batura da rediyo.

Masu ɓoye na'ura a akwatin ƙarfe, dabararsu daidai ce, aikin ne ke ɓaci. Murfin da bai rufu ruf ba, ko wayar caji da aka bari ta leƙo waje, ya isa ya buɗe wa bugun hanya. A naɗe na'urar a kwali don kada ta taɓa ƙarfen, sannan a tabbata ƙarfe ya haɗu da ƙarfe a duk kewayen bakin murfin.